Sikelin da ke rawa in an kunna walda

Kai yaro, wai me ya sa lambobin sikelin ɗakin gwaji ke tsalle in mai walda na maƙwabta ya kunna injinsa? Da ka ajiye latse-latsen wayar nan ka duba soket, da ba ka tambaye ni ba.

Walda tana zuba datti cikin layin wuta, wayar hannu kuma tana turo nata ta iska, sikelin da ke auna miligiram kuwa ɗan abin da yake ji ƙanƙani ne. Na'urar kirki an gwada ta da ƙa'idar IEC 61326-1 don ta jure hayaniyar wasu, ita ma kada ta dame su, da IEC 61010-1 don kada ta ja mai taɓa ta. Duka biyun kan ƙafa ta uku ta filogi, wato ta wayar ƙasa, suka jingina.

Wannan ƙafar ce ta ci mini kuɗi tun zamanin tsohon sidi na Ghana, kafin a yanke sifili huɗu a 2007. Wani mai ɗakin gwajin jini can wajen Asawase a Kumasi ya kira ni in haɗa masa na'urar auna sukari. Ga tambarin CE, shaidar cika ƙa'idojin Turai, ga takardu. Na haɗa, har na sayo masa sitabilaiza daga aljihuna, ya ce ƙarshen wata. Kwana biyu sai ga aike: sakamako na yawo, kuma wuta ta ja yarinyar da ke aiki. Gaban ma'aikatansa ya ce ni na lalata masa kaya.

Na ɗora mita kan jikin ƙarfen, ga wajen bolt 115, rabin 230 ɗinmu. Matacin dattin wuta da ke cikin na'urar yana zubar da ɗan yoyo ta wayar ƙasa. In babu hanya, a jikin ƙarfen yake zama yana jiran hannu. Na kwance soket. Wayar ƙasa, kore da ɗorawa, tana nan, an naɗe bakinta da tef an cusa a bango, ba ta zuwa ko'ina. Maginin gidan ya ci kuɗin sandar tagulla da ake bugawa cikin ƙasa a haɗa wayar da ita. Na kira mai ɗakin gwajin na nuna masa da yatsa. Ya kalla, ya ce ai aikina ne in gani tun farko. Abin da ya fi ƙona mini rai, nan ɗin gaskiyarsa ce: tambari na kalla, ban auna ba. Ni na buga sandar, ni na ja waya, lambobi suka tsaya cak. Kuɗin sitabilaiza da na aiki har yau. Muna haɗuwa a sallar Juma'a, ya riga ni miƙa hannu.

Ku yaran yanzu kuwa, ku wuce jarrabawar Hukumar Makamashi ku rataya kati, ku ɗauka an gama. Gobe da safe ka auna wayar ƙasa ta soket ɗin nan, ka raba sikelin da layin mai walda. Yadda ake auna kuma kada ka tambaye ni, shekararka biyu a shagon nan.