Abin da ya raba ƙarfe da ruwan bagaruwa

Ɗana, saƙonka ya iso. Ka ce ka ga majema a Katsina ba sa yarda ƙarfe ya taɓa ruwan bagaruwa, amma kuma dukawa da ƙarfen suke baƙanta fata, shin camfi ne? Ka kuma ce kuloko, ruwan ƙarfen da dukawa ke baƙanta fata da shi, ya ɗiga a farar rigarka, wani ya ce ka sayi maganin tsatsa da ake sayarwa a roba.

Babu camfi a ciki. Bagaruwa tana da wani sinadari mai bauri, tanin, shi ne ke kama fata ya hana ta ruɓewa. Shi da ƙarfe ba sa haɗuwa su rabu lafiya: da sun gamu, iska ta buga su, sai baƙi. Ƙusa ɗaya mai tsatsa a kwatarniyar jima ta isa ta yi wa fata dabbare-dabbare, kuma wannan tabon jan karan dafi ba ya rufe shi. Shi ya sa ake jiƙa bagaruwa a tukunyar ƙasa ko roba. Garwa, ko da sabuwa ce, a'a.

Baduku kuwa wannan baƙin yake nema, amma a inda ya ga dama, kamar zanen da kake gani a linzami da kuben takobi ranar hawan Sallah a Ƙofar Soro. Ga yadda ake haɗa kuloko. A samu kashin maƙera ko tsofaffin ƙusoshi cikin tafi ɗaya, a ƙona su a wuta don mai ya fita. Kada a sa ƙusa mai farin rufi irin ta kwano, rufin na hana ƙarfen narkewa. A zuba a ruwa mai tsami kamar lita 1, ruwan tsamiya ko tsamin kamu, da cokali 2 na zuma ko sukari don tsamin ya ci gaba da tashi. A rufe da tsumma kawai, domin yana fitar da iska mai kama wuta, tana iya fasa kwalbar da aka toshe. Bayan mako ɗaya zuwa biyu a tace.

Ruwan da za ka samu ba baƙi ba ne, fatsi-fatsi yake. Ka shafa a guntun fata: da farko toka-toka, kafin ka ɗaura alwala ya zama baƙi wuluk, saboda iska ta gama sauya ƙarfen. In ya tsaya a toka-toka, tanin ne ya yi kaɗan; shafa ruwan bagaruwa mai kauri, ka sake. In ya ƙi sam, yanki gefen fatar ka duba. Cikinta shuɗi-shuɗi? To jimar kamfani ce da kuromiyam, ba ta da abin da ƙarfe zai kama.

Inda masu gaggawa ke ɓata aiki shi ne lafta kuloko sau uku sau huɗu. Tsami da ƙarfen da suka yi yawa suna cin fata a hankali, ta yi ƙarfi ta tsattsage. A ɗauraye da ruwan kanwa marar ƙarfi na ɗan lokaci, a bi da ruwa zalla, ta sha iska a inuwa, sannan man gyaɗa.

Sai rigarka. Tabon kuloko na ƙarfe ne, shi ya sa aka ce maka maganin tsatsa. Wasu magungunan tsatsa suna ɗauke da asid na fuloraid. Fuloraid na rungumar ƙarfe gam ya mai da shi mahaɗi marar launi da ke bin ruwa, shi ya sa tabo ke ɓacewa nan take. Amma asid ɗin yana cin gilashi, dalilin sayar da shi a roba ke nan, kuma yana ratsa fatar mutum ya kama kalsiyam na jiki, zafin ba ya tashi sai bayan sa'o'i. Ni ban so ya shiga gida mai yara. Wanda ya zube wa a jiki, ya yi ta kwarara ruwa aƙalla minti 15, ya nufi asibiti da robar a hannu.

Kai dai matsa lemun tsami a tabon, barbaɗa gishiri, shanya a rana, ka maimaita. Kada ka sa bilic, yana ƙara kafe tsatsa a zare.

Ka gaida mahaifiyarka.