Dubiyar mai ciwon sukari: me za a riƙa?

'Yata, saƙonki ya iso. Kin ce ciwon sukari ya fara taɓa ganin surukinki, kina tambaya ko abin kunya ne ki je dubiya ba katan ɗin lemo da madarar gwangwani, tunda haka aka saba.

Abin da muka gada shi ne kada a shiga wurin mara lafiya hannu rabbana. Lemon kwalba kuwa daga baya ya shigo. Muna yara, innarmu sai ta tambayi mai jinya abin da jikin mara lafiyar ke karɓa, shi za ta kai, ko ƙwai ne ko 'yar kaza.

Ki san abin da sukari ke yi wa ido. A can bayan ƙwayar ido akwai wani siririn tantani, shi ke karɓar haske ya aika wa ƙwaƙwalwa. Jijiyoyin jinin da ke ciyar da shi sun fi gashi siranta. Idan sukari ya daɗe yana sama, sai su yi rauni, wasu su fara yoyo, wasu su toshe. Daga nan sababbi su tsiro marasa ƙwari, su fashe, jini ya zuba cikin ido. Abin da ya fi tsorata ni, da farko ba zafi, ba ja. Haka muka yi da maigidana, Allah ya jiƙansa, muna sa masa kwalli muna cewa tsufa ne. Kwalli a bakin ido yake tsayawa, ciwon kuwa yana can ciki. Har yau abin yana damuna.

Don haka ba abin kunya ba ne ki je wa mai ciwon sukari ba lemo. Ki kai masa ƙwai, kifi, zogale, ko alale. Abin da ya fi duka, ku haɗa kuɗin mota a kai shi awon ido, akalla sau 1 a shekara. Za a ɗiga masa magani da ke buɗe baƙin ido, likita ya leƙa bayan. Akwai asibitin ido na ECWA a Kano, akwai Cibiyar Ido ta Ƙasa a Kaduna. In an gano ciwon da wuri, ana tare shi da hasken leza ko allura. A kula da hawan jini ma, yana ƙara ɓarnar.

Amma ke suruka ce, kada ki tsaya gabansa kina yi masa bayani. Ki gaya wa mijinki, shi ya yi wa mahaifinsa magana. Ki gaishe min da su duka, Allah ya ba shi lafiya.