Hukuncin Kwalliyar Amarya a Ranar Aurenta

TAMBAYA

Assalamu alaikum Malam, Allah ya ƙara lafiya. Saura makonni kaɗan a ɗaura mini aure. Mai kwalliyar da ƙawayena suka samo ta ce za ta fara aiki tun da hantsi, kuma idan ta gama kada ruwa ya taɓa fuskata har dare. Cikin abin da ta lissafa akwai fige gira, manna gashin ido, farcen roba da ƙarin gashi. Ta kuma ce za ta ɗauki hotona ta sa a shafinta. Ina son in yi kyau a ranar, amma hankalina bai kwanta ba. Malam, wanne ne ya halatta, wanne zan bari?

AMSA

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzon Allah da alayensa da sahabbansa. Allah ya sanya albarka a aurenki, 'yata, ya kuma saka miki da alheri da kika tambaya tun kafin ranar ta zo.

Ki fara cire shakka a kan asalin abin. Yi wa amarya ado domin mijinta halal ne, kuma aikin matan sahabbai ne. Allah Maɗaukaki ya ce a Suratul A'araf, aya ta 32: "Ka ce, wane ne ya haramta adon Allah wanda ya fitar domin bayinsa?" Bukhari ya ruwaito cewa ranar tarewar Nana A'isha, Allah ya yarda da ita, mahaifiyarta Ummu Rumana ta shafe mata fuska da kai da ruwa, sannan ta miƙa ta ga wasu matan Ansar, suka yi mata addu'ar alheri da albarka, suka gyara ta. A Musnadin Imamu Ahmad, Asma'u 'yar Yazidu ta ce ita ce ta yi wa A'isha ado domin Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam. Ummu Sulaim kuma ita ta shirya Nana Safiyya bayan yaƙin Khaibar a shekara ta 7 bayan hijira. Don haka hoda, jan baki, jagira, kwalli da lalle duk asalinsu halacci ne. Wadda ta yi su da niyyar faranta wa mijinta, muna yi mata fatan lada.

Abin da ya fi tayar mini da hankali a wasiƙarki shi ne maganar kada ruwa ya taɓa fuska har dare. Wata baiwar Allah ta taɓa gaya mini tana hawaye cewa ranar aurenta azahar, la'asar da magariba duk sai da dare ya raba ta rama su, don kawai kada kwalliya ta lalace. Ta ce duk waɗanda suka kewaye ta babu wadda ta ce mata "tashi ki yi salla". Shekaru sun wuce abin yana ranta. Allah ya ce a Suratun Nisa'i, aya ta 103, salla ta kasance a kan muminai farilla mai ƙayyadadden lokaci. Babu malamin da ya lissafa kwalliya cikin uzurorin fitar da salla daga lokacinta. Taimama ma ba ta yiwuwa, tunda ga ruwa, ga lafiya. Shafa kuwa an yi rangwamenta ne a kan huffi da ɗaurin karaya ko rauni, fuska mai kwalliya ba ta shiga ciki.

Ga yadda lamarin yake. Wanke fuska da hannuwa farillan alwala ne, kuma dole ruwa ya isa ga fata. A mazhabar Imamu Malik cuɗawa ma farilla ce. Muslim ya ruwaito daga Sayyidina Umar cewa wani mutum ya yi alwala ya bar wuri gwargwadon farce a ƙafarsa ruwa bai taɓa ba, Annabi ya gan shi ya ce masa: "Koma ka kyautata alwalarka." Ki dubi girman farce ɗaya, sannan ki dubi fuskar da aka rufe da hodar ruwa mai kauri, ko yatsu goma da aka manna wa roba.

Malamai sun raba abin shafawa gida biyu. Akwai mai barin launi kawai, kamar lalle bayan an wanke shi, da kwalli mara kauri, da man da fata ta shanye. Wannan ba ya hana alwala. Akwai kuma mai jiki, wanda yake zama shamaki tsakanin ruwa da fata: jan farce, farcen roba da gam ɗinsa, gam ɗin gashin ido, da kayan kwalliyar da aka yi su musamman don kada ruwa ya ratsa su. Wannan sai an cire shi alwala take inganta. Kina iya gwadawa da kanki. Ki shafa abin a bayan hannunki, ki bar shi ya bushe, ki ɗiga ruwa a kai. Idan ruwan ya dunƙule ya gangare, kuma kika kankara da farce wani ɓawo ya taso, to shamaki ne. Baƙin da ake zane da shi a hannu ma a lura, domin wani yana busar da ɓawo a kan fata, sai an ɓamɓare shi launin kaɗai ya rage.

Mafita tana da sauƙi, in sha Allahu. Ki yi cikakkiyar alwala kafin mai kwalliya ta taɓa ki. Kwalliyar da aka ɗora bayan alwala ba ta warware ta, kuma za ki yi salla da ita ko sau nawa ne matuƙar alwalar tana nan. Ki tsara lokaci da sallolinki. Idan taron na yamma ne, ki yi azahar, ki sabunta alwala, a fara aiki, la'asar ta same ki da tsarki. Idan na dare ne, a fara bayan magariba, ki yi isha'i kafin ki fita. In kuwa alwalar ta warware kuma lokacin salla zai fita, ki goge, ki wanke, ki yi sallarki, a sake gyarawa. Ki yi wannan magana da mai kwalliya tun wajen yarjejeniya, ta bar miki ɗan abin gyara. Wadda take cikin al'ada a ranar ba ta da wannan damuwa, tana iya sa jan farce, sai dai ta cire kafin wankan tsarki. Haka kuma wankan janaba: duk abin da ya hana ruwa isa ga fata ko farce sai an cire. Kitso kuwa ba sai an warware ba matuƙar ruwa yana ratsawa, kamar yadda Annabi ya ba Ummu Salama amsa a hadisin Muslim.

Sai ƙarin gashi. Abin da zai ba ki mamaki, hadisin da ya hana shi a kan amarya ya zo. Bukhari da Muslim sun ruwaito daga Asma'u 'yar Abubakar cewa wata mata ta zo wurin Annabi ta ce tana da 'ya amarya, ƙyanda ta kama ta gashinta ya zube, ko ta yi mata ƙari? Sai ya ce: "Allah ya la'anci mai yin ƙarin gashi da wadda ake yi wa." Ga amarci, ga ciwo, ga tausayin uwa, duk da haka bai yi rangwame ba. To ina ga mai lafiyayyen gashi? Ƙari da gashin mutum haramun ne babu jayayya a wurin jumhur, wato mafi yawan malamai. Imamu Malik ya hana ƙari da kowane irin abu, saboda hadisin Jabir a Muslim cewa Annabi ya tsawatar kada mace ta haɗa wani abu da gashin kanta. Laisu ɗan Sa'ad, ɗaya daga manyan malaman farko, ya sauƙaƙa a kan ulu da tsumma. Gashin roba na yanzu kuwa an yi shi ne don ya zama kamar gashin gaske, saboda haka ina ganin yana cikin hanin. Zare mai launi da ƙyallen ado da kowa ya san ba gashi ba ne, babu laifi a kansu, kamar yadda Alƙali Iyad ya bayyana.

Gashin ido na mannawa bai zo da sunansa a aya ko hadisi ba, malaman zamani sun yi saɓani a kansa. Da yawa sun riskar da shi ga ƙarin gashi, wasu sun ɗauke shi ado ne kawai da ake sawa a cire. Ni dai ina ba ki shawarar ki bar shi, domin ko an kauce wa saɓanin, gam ɗinsa yana tsare ruwa a gefen fatar ido, wurin kuma yana cikin fuska. Farcen roba shi ma matsalarsa ke nan, ga shi ya saɓa wa sunnar yanke farce.

Gira tana buƙatar bayani. Abdullahi ɗan Mas'ud ya ruwaito la'ana a kan masu zanen allura a fata da masu neman a yi musu, da masu fige gashin gira, da masu yin wushirya don ado, masu canza halittar Allah. Hadisin yana Bukhari da Muslim. Mafi yawan malamai sun ɗauke shi a kan zahirinsa, suka haramta sirantar da gira. Amanar ilimi ta sa in gaya miki cewa Shehu Nafrawi, cikin malaman Malikiyya, ya ɗora hanin a kan matar da aka hana ta ado, kamar mai takaba. Na san da wannan magana, kuma ina girmama mai ita, amma lafazin hadisin gamamme ne, kuma la'ana ba abin kusanta ba ce don kyan yini ɗaya. Ki bar girarki yadda Allah ya halitta, a taje ta, a ƙawata ta da jagira. Gashin da ya fito a haɓa ko a saman leɓe Imamu Nawawi ya ce ba ya cikin hanin, cire shi ma abin so ne. Zanen gira da ake yi da allura a cusa launi cikin fata, wanda yake ɗaukar watanni bai goge ba, shi ne ainihin abin da hadisin ya fara ambata, sunansa kawai aka sauya.

Wajen zaɓen kaya, ƙa'idar ita ce hadisin da ke cikin Muwaɗɗa: "Babu cuta, babu cutarwa." Mayukan bilicin da ake yi wa amare makonni kafin biki, wasu suna ɗauke da sinadarin makuri mai lahanta ƙoda, wasu da magunguna masu sirantar da fata har ta riƙa tsagewa. Wannan cutar da kai ne, ga ƙoƙarin canza launin da Allah ya ba ki, don haka bai halatta ba. Tsabtace fata da gyara ta har ta yi sheƙi kuwa babu komai. Kwalli abin yabo ne, Annabi ya yabi wani nau'insa da ake kira ismid cewa yana ƙara hasken ido, sai dai wasu kwallin ana samun dalma a cikinsu, ita kuma guba ce, ki bincika. Asalin kayan kwalliya tsarki ne, ba sai kin shiga waswasi ba, amma wanda kika tabbatar akwai kitsen alade a cikinsa ki nisance shi. Duk sabon abu ki gwada a ɗan wuri kwanaki kafin ranar, kada fuska ta kumbura. Kuma kada a ci bashi don kwalliya. Bukhari ya ruwaito cewa Nana A'isha tana da wata riga a zamanin Annabi, ta ce babu matar da za a yi wa ado a Madina face ta aiko aron ta. Riga ɗaya, amare da yawa, kuma su ne mafi alherin mata.

Mai yi miki kwalliya dole ta kasance mace. Namiji ajnabi, wato wanda ba mijinki ko muharraminki ba, ya zauna yana shafa fuskarki da hannunsa haramun ne, ko da cikin mutane ne, balle a keɓe. Ki zaɓi mai amana, wadda za ta ji "ban yarda ba" ta daina.

Yanzu wa zai ga wannan kwalliya? Aya ta 31 a Suratun Nur ta lissafa su: miji, uba, uban miji, 'ya'ya, 'yan'uwa maza da 'ya'yansu, 'ya'yan 'yan'uwa mata, da mata, har zuwa ƙarshen ayar. Yayyen ango da ƙannensa da abokansa ba sa ciki. Da aka tambayi Annabi game da ɗan'uwan miji cewa ya yi: "Shi ne mutuwa." Malaman da suka ce fuska ba al'aura ba ce, sun yi magana ne a kan fuska yadda take, kuma sun ce a rufe idan ana tsoron fitina. Fuskar da aka shafe awa biyu ana ƙawata ta, ai ado ce tsantsa. Idan za ki ratsa ta wurin maza, ki sauke mayafi a fuskarki. Turare mai tashi shi ma ki ajiye sai ɗakinki, saboda kashedi mai tsanani da ya zo a hadisin Abu Musa kan matar da ta sa turare ta wuce ta gaban maza don su ji ƙamshinta.

Hoton da take son sawa a shafinta, kada ki yarda, ko da za ta rage miki kuɗin aiki. Bukhari ya ruwaito hanin mace ta siffanta wa mijinta wata mace har ya zama kamar yana kallonta. Siffantawa da baki ke nan aka hana, to hoto da bidiyo fa, da za su shiga Instagram ko TikTok, kowa ya sauke ya adana, kuma ba ki da ikon dawo da su? Ki gaya mata tun farko, cikin ladabi, cewa babu ɗaukar hoto da wayarta. Ki roƙi ƙawayenki su ma su kiyaye, ki wakilta ɗaya daga cikinsu mai tsoron Allah ta riƙa kula da wannan, ita ce kuma za ta riƙa tuna miki idan lokacin salla ya shiga.

Allah ya yi muku albarka, ya haɗa ku cikin alheri. Wallahu a'alam.