Tambaya da Amsa: Ina Aiki a Dubai, Ta Yaya Zan Shiga Harkar Inshorar Ƙasa da Ƙasa?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni mutumin Tudun Wadar Zariya ne, na karanta aikin akanta a harabar Kongo ta Jami'ar Ahmadu Bello, yanzu kuma shekara huɗu ke nan ina aiki a Dubai, a wani kamfani mai yi wa 'yan kasuwarmu jigilar kaya zuwa Legas da Kwatano. Kullum takardun inshorar kwantena suna bi ta hannuna, har sha'awar sana'ar ta kama ni. Shin zan iya fara ta daga nan ba tare da na ajiye aikina ba? Kuma zuciyata ba ta kwanta ba game da hukuncinta a addini.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Abin da ya kamata ka fara riƙewa shi ne kaya suna tsallaka iyaka, amma lasisin inshora ba ya tsallakawa. Kowace ƙasa tana da hukumar da ke ba da izinin sayar da inshora a cikinta, kuma galibi izinin da aka ba ka a wata ƙasa ba ya aiki a maƙwabciyarta. A Najeriya hukumar NAICOM ce, wadda aka kafa a 1997, take yi wa kamfanoni da dillalai da wakilai rajista, dokar ƙasa kuma ta wajabta a yi wa kayan da ake shigowa da su inshora a kamfanin da ke da rajista a nan gida. Saboda haka, idan abin da kake nufi shi ne ka zauna a Dubai kana karɓar kuɗin 'yan kasuwar Sabon Gari kana haɗa musu takarda a bayan fage, ina ba ka shawarar ka janye wannan tunani, domin ranar da kaya suka nutse ko suka ƙone kamfani ya ƙi biyan diyya, ƙofar gidanku za a yi wa sallama. Ka kuma duba yarjejeniyar aikinka, tunda izinin zamanka a can yana rataye ne a wuyan kamfanin da ya ɗauke ka.

Sassan da suke ƙetare iyaka bisa ƙa'ida kaɗan ne, kuma ka yi sa'a kana zaune a bakin ɗaya daga cikinsu, wato inshorar kayan da ake ɗauka a jirgin ruwa da na sama. Na biyu shi ne inshorar da su kansu kamfanonin inshora suke yi, inda kamfani yake miƙa wani kaso na haɗarin da ya ɗauka ga wani babban kamfani don kada asara guda ta durƙusar da shi. Wannan ne aikin Africa Re, wanda aka kafa a 1976 mai hedikwata a Legas, kuma wani ɓangare ne babba na abin da ake yi a kasuwar inshora ta Lloyd's da ke Landan. Akwai kuma katin ECOWAS da direbobi suke kira Brown Card, wanda ya samo asali a 1982, shi ne yake biyan diyyar wanda motar Najeriya ta yi wa ɓarna a hanyar Kwatano.

Abin da zai bi ka duk inda ka je shi ne takardar shaidar ƙwarewa. Cibiyar ƙwararrun ma'aikatan inshora ta Ingila, wato CII, tana da matakai uku, na ƙarshensu shi ne wanda ke ba mutum lambar ACII, ana kuma iya karatun daga nesa bayan an tashi daga aiki. Kamfanonin yankin Larabawa sun san wannan takarda sosai. In kuwa niyyarka ita ce ka dawo gida wata rana, to sai ka haɗa da jarrabawar CIIN, takwarar CII ta Najeriya, domin da ita ake auna ma'aikacin inshora a nan. Ilminka na akanta zai rage maka rabin wahala. A ganina abin da mutanenmu suka fi sakaci da shi shi ne Faransanci, alhali Nijar da Binin da Kamaru da Cadi duk suna ƙarƙashin dokar inshora guda ta CIMA, wadda aka rattaba wa hannu a Yawunde a 1992. Bahaushen da ya iya Faransanci ya kuma san wannan doka, da wuya ya rasa mai nemansa.

Game da addini, fatawa ba tawa ba ce, malamai kuma ba su yi ƙaranci a Zazzau ba. Abin da zan iya faɗa shi ne majalisar fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi ta yanke a 1985 cewa inshorar kasuwanci da aka saba da ita tana ɗauke da garari mai yawa, wato rashin tabbas a cikin ciniki, ta kuma amince da ta taimakekeniya. Ita ce takaful, inda mahalarta suke zuba gudummawa a asusu guda, a biya wanda asara ta faɗa wa, kamfani kuma ya ɗauki ladan kula da asusun. An fara ta a Sudan a 1979, NAICOM ta fitar da ƙa'idojinta a 2013, a Dubai kuwa kamfanoninta ba ɓoyayyu ba ne.

Kada ka ajiye aikinka tukuna. Ka roƙi maigidanka ya riƙa ba ka fayil ɗin kayan da suka lalace ko suka ɓace a hanya, ka bi kowanne tun daga rahoton mai duba ɓarna har zuwa ranar da aka biya diyya ko aka hana, kana rubuta dalilin kowane hukunci a littafinka. Idan ka ci matakin farko na jarrabawa, ka nemi aiki a sashen kayan jirgin ruwa na wani kamfanin dillancin inshora ko na takaful a nan inda kake, ka kuma ɗauki wannan littafi ka tafi da shi ranar ganawa.