Laimar Kwaɗi, Naman Kaza, da Maganar "Kama da Wane"

Tambayoyi uku ne suka taru a kan wannan tsiro mai hula da ke ɓullowa bayan an yi ruwa, don haka na haɗa su wuri guda.

Wata malamar makaranta ta tambaya: laimar kwaɗi da naman kaza abu ɗaya ne? Kuma gaskiya ne cewa na farkon shi ne mai dafi, na biyun kuma shi ne wanda ake ci?

Malama, sunayen biyu duk suna nuni ga halitta guda, sai dai kowanne da inda ya kalla. Wanda ya ce laimar kwaɗi siffa ya duba: ga kara a tsaye, ga hula a buɗe, a wuri mai danshi inda kwaɗo ke fakewa. Ita kalmar laima ararriya ce daga Larabci, al-khaima, wato tanti, kuma ta bi hanyar da labari da lahira suka bi, inda "al" ta manne da kalmar ta zama "la". Abin dariya, mutanen Ingila su ma kwaɗon suka jingina wa abin, amma su kujera suka ba shi. Wanda ya ce naman kaza kuwa laushin tsokarsa ya duba. A ja wasalin farko wajen faɗa, don kazar nan mai fuka-fukai ake nufi, ba kaza ta "wuri kaza" ba.

Rabon da kika ji ana yi kuwa, kada ki dogara da shi ko kaɗan. Suna biyu ba za su iya raba dubban jinsuna ba, kuma mai dafi ba ya zuwa da tambari a goshi.

Wani ɗalibi ya ce: mece ce ainihin ma'anar "kama da wane ba ta wane", kuma me ya kawo "ta" a ciki?

Kalmar kama, mai nufin kamanni, jinsin mace take ɗauka, shi ya sa muke cewa "kamarsa" ba "kamansa" ba a daidaitacciyar Hausa. Ita "ta" ke komawa gare ta. A fahimtata an taƙaita zancen ne, cikakkensa shi ne kama da wane ba ta mai da mutum wane. Wane kuma suna ne da ake sakayawa da shi idan ba a son ambaton mutum, macensa wance, jam'insa su wane.

Ban san fagen da wannan karin magana ya zauna daram kamar fagen tantance laimar kwaɗi ba. Akwai wata mai suna Amanita phalloides a wurin masana, wadda ita ce ta fi kowace kashe mutane a duniya. Tana ƙarama tana kama da Volvariella volvacea da ake nomawa a kudu maso gabashin Asiya, har mutanen yankin da suka yi ƙaura zuwa Amurka da Ostireliya sun sha ruɗuwa da ita. Dukansu suna da wata jaka a gindin kara. Dafin ta farkon ba ya mutuwa da dafuwa, kuma ba ya nuna kansa sai bayan awa 6 zuwa 24, lokacin ya riga ya kama hanyar hanta. Da me ake raba su? Da launin ƙurar da ke zuba daga ƙarƙashin hula: ta mai kisan fara ce, ta ɗayar ruwan hoda. Haka ma Chlorophyllum molybdites, mai sa amai da gudawa, tana shigar burtu da kamannin Macrolepiota procera da ake ci, amma ƙurarta kore-kore ce, ta waccan fara.

Wannan ya kai mu ga mai tambaya na uku, wanda ya ce yana koyar da kimiyya kuma ya rasa sunan da zai ba wannan ƙura. Ya ƙara da cewa, tunda an ce ido ba mudu ba ne amma ya san kima, me ya sa sai an nemi madubin likita, wato na'urar da ke ƙara girman ƙananan abubuwa?

Malam, ni ƙurar iri nake ce mata. Iri zalla ba zai yi ba, domin zai sa ɗalibi ya zaci tsaba ce irin ta shuka, alhali tun 1969 Robert Whittaker ya ware wannan halitta daga tsirrai ya ba ta rukuninta. Kalmar saiwa ma ba ta dace da zare-zarenta da ke cikin ƙasa ba, don su ne ainihin jikin, hular da muke gani tamkar 'ya'ya ce kawai. Ana ganin launin ƙurar ba tare da na'ura ba: a yanke hular, a kifa ta a kan takarda rabi fara rabi baƙa, a rufe da kofi, a bar ta ta kwana.

Shi kuwa karin maganar, ka lura da kalmar kima. Kima ƙiyasi ce, ba awo ba, kuma karin da kansa ya amsa cewa ido ba mudu ba ne. Ƙwayar ƙurar Amanita phalloides tsawonta wajen maikiromita 8 zuwa 10 ne, maikiromita ɗaya kuwa kashi ɗaya ne cikin 1000 na milimita. A nan ido ba shi da kimar da zai yi. Tun 1729 Pier Antonio Micheli na Italiya ya bayyana waɗannan ƙwayoyi a rubuce. Yau mai bincike yakan ƙara girmansu sau 1000, ya duba ko mulmulallu ne ko masu siffar ƙwai, masu santsi ko masu ƙaya-ƙaya. Sai ya ɗiga musu wani ruwa mai aidin da Václav Melzer ya haɗa a 1924. Na wasu jinsuna sukan rine su koma shuɗi mai duhu, na wasu ko gezau.

Kafin a kai ga madubi ma, akwai tambayar da masu wannan sana'a ke fara yi: a ina ka tsince ta? Kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi. Amanita phalloides ta fi fitowa a gindin bishiyar da Turawa ke kira oak, don zarenta yana haɗuwa da saiwar bishiyar suna musayar abinci. Wasu sai a ruɓaɓɓen icce, wasu a kashin dabbobi. Dangin Termitomyces, waɗanda Roger Heim ya raɗa wa suna a 1942, a jikin suri suke fitowa, domin gara ce ke noma su a cikin gidanta. Ɗaya daga cikinsu a Zambiya faɗin hularta yakan kusa mita guda. Shi ya sa ake tono ta da gindinta gaba ɗaya maimakon a tsinke karan, a kuma rubuta abin da aka same ta a kai tun ana wurin.