Me Ya Sa Ake Ƙirga Sabara Kafin A Haƙa Ma'adinai?

Tambaya: Wani mai karatu daga jihar Zamfara ya rubuto cewa wasu baƙi sun shiga dajin da ke bayan garinsu da igiyar awo da littattafai, suna ƙirga sabara da geza da kalgo, kuma an ce wani kamfani ne ke neman izinin haƙar ma'adinai a wurin. Yana tambaya ko mene ne amfanin wannan wahala, tunda ƙarshenta katafila ce za ta share dajin.

Amsa: Malam, abin da ka gani ɓangare ne na binciken tasirin aiki ga muhalli, wanda dokar tarayya ta 1992 ta wajabta kafin a fara babban aikin haƙa, kuma Ma'aikatar Muhalli ta Tarayya ce ke duba rahotonsa. Dokar ma'adinai ta 2007 ta ɗora wa mai lasisi nauyin gyara filin idan ya gama, amma ba yadda za a tuhume shi da ƙin mayar da daji yadda yake matuƙar ba a rubuta yadda yake ba tun farko. Duk wanda ya ga kududdufan da haƙar kuza ta bari a kewayen Jos ya san abin da ake gudu.

Masu binciken kan fara raba filin a hoton tauraron ɗan Adam, su ware tudu da fadama da marmara da bakin rafi, domin kowanne da irin tsiron da ke kama shi. Sai su miƙa igiya mai tsawon mita 100 misali, su yanki fili mai mita 10 a kowane gefe, su ƙirga duk itacen da ke ciki, su auna tsayinsa da faɗin rassansa, ciyawa kuma a duba ta a cikin mita ɗaya. A nan ake gane gwani, saboda sabarar da aka sha sara takan tofo da rassa goma ko fiye daga kututture guda, kuma sabon shiga yakan rubuta goma inda ya kamata ya rubuta ɗaya. Tsiron da ba a gane ba sai a danne reshensa tsakanin jaridu a kai shi ma'ajiyar busassun tsirrai, irin wadda ke Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya.

A ganina, binciken da aka yi da rani kaɗai rabin aiki ne. A watan Maris geza ta zubar da ganye, gamba da kyasuwa sun bushe ko wuta ta cinye su, sai dajin ya yi kama da fako a takarda, alhali a watan Agusta shi ne makiyayar gari. Dole a dawo da damina, a kuma tafi da makiyayi da mai magani da matan da ke yin itace, domin su ne suka san cewa 'ya'yan kalgo abincin dabbobi ne a tsakiyar rani, ɓawonsa igiya, ganyen sabara kuma na masu jego ne. Bincike a ƙasar Senegal ma ya nuna cewa saiwar sabara tana jawo ruwa daga can ƙasa da dare har geron da ke kusa ya amfana. Idan kuma aka samu madobiya a filin, tilas a sa mata alama ta daban, domin tun 2018 tana cikin jerin itatuwan da ke fuskantar barazanar ƙarewa.

Bayan an haɗa rahoton, ana ajiye shi kwanakin aiki 21 domin jama'a su duba, galibi har a sakatariyar ƙaramar hukuma. Ku je da mai unguwa ku nemi jerin itatuwan, ku duba watannin da aka yi awon, sannan ku tambayi inda za a tara ƙasar sama da aka kankare, domin a cikinta irin ciyawar dajin yake kwance.