Wane ne Anil Kumble?

Tambaya: Malam, na tsaya kallon kurket a filin Tafawa Balewa, wani Ba'indiye kusa da ni yana ta ambaton Anil Kumble. Wane ne shi? Daga mai karatu a Agege, Legas.

Amsa: Ɗan'uwa, tsohon kyaftin ɗin ƙungiyar kurket ta Indiya ne, daga 2007 zuwa 2008. Gwanin murza ƙwallo ne da wuyan hannu, tana dukan ƙasa sai ta zabura ta ruɗe mai sanda, wato abokin hamayyar da ke jiran ya buge ta. A 1999 a Delhi, shi kaɗai ya fitar da 'yan Pakistan goma cif a zagaye guda. Ni dai abin da ya fi taɓa zuciyata shi ne wasan da Indiya ta yi da ƙungiyar West Indies a tsibirin Antigua a 2002: muƙamuƙinsa a karye, kai naɗe da bandeji, ya dawo fili ya fitar da Brian Lara, shahararren mai sandan West Indies.